Karo-karon Sayen Fom: Gudummawar Talaka Ko Mayafin Masu Kuɗi?

Bayan da ƙurar zaɓukan fitar da gwani na 2022 ta lafa, aka kwashe rumfuna daga Dandalin Eagle, ma'aikatan Sakatariyar Tarayya kuma suka samu hanyoyinsu da aka toshe a kwanakin taron, akwai wata tambaya da aka bari a ƙasa ba wanda ya ɗauka. Tambayar ita ce: su wane ne suka biya kuɗin fom-fom ɗin da aka riƙa cewa "magoya baya" ne suka saya wa masu neman kujerar shugaban ƙasa?

Daga watan Afrilu zuwa Mayu na shekarar 2022, da wuya a yi kwana biyu ba a ga wata ƙungiya ta bayyana a sakatariyar jam'iyya ba, da alluna da riguna masu hoton gwaninta, ta ɗaga takardar banki a gaban 'yan jarida, ta ce mambobinta ne suka yi karo-karo. Jam'iyyar APC ta sa naira miliyan 100 a kan fom ɗin shugaban ƙasa, miliyan 30 na nuna sha'awa da miliyan 70 na tsayawa takara. PDP ta sa miliyan 40. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na wancan lokaci, naira 30,000, sai ya yi sama da shekara 277 yana aiki, bai ci ba bai sha ba, kafin ya tara kuɗin fom ɗin APC guda ɗaya. Shi kansa shugaban ƙasa, idan aka bi albashi da alawus ɗin da hukumar rabon arzikin ƙasa ta yanka masa, abin da zai karɓa a shekara huɗu bai kai kuɗin fom ɗin ba. Duk wannan kuwa ya faru ne a lokacin da jami'o'in gwamnati ke rufe tun ranar 14 ga Fabrairu saboda yajin aikin malamai. Amma duk da haka mutum sama da ashirin aka saya wa fom ɗin, ko suka saya wa kansu.

Idan da gaske naira dubu-dubu aka tara, to kowane fom na miliyan 100 yana nufin mutum dubu ɗari sun sa hannu a aljihu. Mutum dubu ɗari ba sa ɓoyuwa. Suna da sunaye, suna da garuruwa, kuɗinsu kuma ya bi ta wani asusu a wani banki a wasu ranaku. Har yau ba a ga ƙungiyar da ta fito da irin wannan lissafi ta baje wa jama'a ba.

Wasu daga cikin labaran ma sun wuce hankali. An wayi gari wata ƙungiya da ta ce tana wakiltar Fulani makiyaya da almajirai ta sayi fom ɗin APC da sunan tsohon Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan, mutumin da a sanin jama'a ɗan PDP ne. Mai magana da yawunsa ya fito ya ce ba da saninsa aka yi ba, kuma cin fuska ne a saya wa mutum fom ba tare da izininsa ba. Shugaban Bankin Raya Afirka na wancan lokaci, Akinwumi Adesina, shi ma an saya masa, ya yi godiya ya ce aikin da ke gabansa ya ishe shi. Mafi tayar da hankali shi ne na Gwamnan Babban Banki na wancan lokaci, Godwin Emefiele, wanda rahotanni suka ce wasu ƙungiyoyi, ciki har da ta manoman shinkafa, suka haɗa masa kuɗin fom. Ya ce bai karɓa ba, in ma zai tsaya da guminsa zai saya. To amma manoman shinkafa su ne suka fi cin gajiyar shirin bashin noma da bankin da yake shugabanta a lokacin ya ƙaddamar a Kebbi a 2015. Ko da a ce da zuciya ɗaya aka yi, wanda ke ba da bashi da kuɗin gwamnati bai kamata a gan shi kusa da kyautar masu karɓar bashin ba. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulki ya hana jami'in gwamnati karɓar wata dukiya ko alfarma saboda wani abu da ya yi ko ya ƙi yi a bakin aikinsa. Abin da ya yarje masa kawai shi ne kyautar dangi da abokai irin wadda al'ada ta sani. Babu al'adar da ta san kyautar naira miliyan 100.

Abin da ya sa wannan wasa yake ciwo shi ne ana yin sa ne da sunan wani abu na gaske, mai daraja, wanda mutanen ƙasar nan suka sani tun kafin samun 'yancin kai. Lokacin da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ba ta da baitulmali, ba ta da 'yan kwangila. Teloli da mahauta da 'yan tebur da malaman zaure su suka riƙe ta da kuɗin kati da sisi da taro, su suka yi yawon ƙauyuka a kan keke, su kuma suka sha bulala da ɗauri a kotunan En'e. Ba wanda ya biya su. Siyasar sa-kai ba baƙuwa ba ce a nan, ɗiyar aikin gayya ce da adashe, kuma ta sake bayyana a zamanin PRP, ta kuma bayyana a tafiyar Muhammadu Buhari kafin ya hau mulki. A watan Oktoban 2014, da ya je sayen fom na naira miliyan 27.5, da bakinsa ya ce sai da ya nemi taimakon bankinsa. Magoya bayansa sun riƙa sayen katin gudummawa irin na waya suna tura abin da ya sawwaƙa, shi kuma ya fito ya faɗi abin da ya shiga asusun. Mutane da yawa ba su manta da dattijuwar nan mai sayar da abinci a Jihar Kebbi ba, wadda ta miƙa masa naira miliyan ɗaya daga abin da ta tara a rayuwarta. Ko mutum yana ganin an saka wa waɗannan mutane da abin da suka yi tsammani ko bai gani ba, babu mai musun cewa kuɗin nasu ne, zuciyar ma tasu ce.

Shekara huɗu bayan haka sai salon ya sauya. A watan Satumban 2018 wata ƙungiya guda, wadda kafin ranar ba kowa ya san da ita ba, ta ajiye naira miliyan 45 ta sayi fom wa shugaban ƙasa mai ci, alhali dokar zaɓe ta wancan lokaci ta taƙaita gudummawar mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya ga ɗan takara a kan naira miliyan ɗaya. An yi surutu na 'yan kwanaki, aka wuce. Abin da aka ƙyale a 2018 shi ne ya zama ruwan dare a 2022.

Masu kare wannan ɗabi'a sukan kawo misali da Amurka, su ce ai can ma magoya baya ne ke ɗaukar nauyin 'yan takara. Gaskiya ne, kuma misalin ya cancanci a duba shi da kyau, domin abin da ke cikinsa ba shi ne abin da suke so a gani ba. A ranar 16 ga Disamba, 2007, magoya bayan Ron Paul, wani ɗan majalisa daga Texas da ke neman tikitin jam'iyyar Republican, sun tara masa kimanin dala miliyan 6 a yini ɗaya ta intanet, kuma su da kansu suka tsara abin, ba ofishin yaƙin neman zaɓensa ba. A 2016 Sanata Bernie Sanders ya yi gogayya da Hillary Clinton a jam'iyyar Democrat da gudummawar da yakan ce matsakaicinta dala 27 ne, ya kuma ci zaɓen fitar da gwani a jihohi sama da ashirin. Dubban mutane sun bar aikinsu na 'yan kwanaki sun riƙa bi gida-gida da buga waya ga masu zaɓe ba tare da an ba su ko kwabo ba.

Sai dai abu biyu ne suka riƙe wancan tsari, kuma duka biyun babu su a nan. Na farko, lissafi. A can doka ta yanka iyakar abin da mutum ɗaya zai bai wa ɗan takara, wanda a 2016 bai wuce dala 2,700 ba a kowane zagaye na zaɓe, kuma iyakar ta shafi zaɓen fitar da gwani tun daga farkonsa. Duk wanda gudummawarsa ta haura dala 200, sai an kai sunansa da sana'arsa da wurin aikinsa ga hukumar zaɓe ta tarayya, kowa kuma yana iya dubawa. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, mai ba da dala 27 ɗin nan shi ne mai jefa ƙuri'a a zaɓen fitar da gwanin. Kuɗinsa da ƙafarsa da ƙuri'arsa wuri ɗaya suke tafiya. Ko a haka ɗin ma nasara ba tabbas ba ce, domin Ron Paul bai samu tikiti ba, Sanders ma ya nema sau biyu bai samu ba. Amma aƙalla wanda ya ba da kuɗinsa an ƙirga shi.

A Najeriya kuwa, mai karo-karo ba shi da ta cewa ranar da ake yanke hukunci. A watan Disamban 2021 Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu a kan ƙudurin da ya wajabta zaɓen 'yar tinƙe, inda kowane ɗan jam'iyya zai zaɓi gwaninsa. Dokar da ya sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairu, 2022, ta bar wa jam'iyyu zaɓi tsakanin 'yar tinƙe, daliget da sasanci, manyan jam'iyyun biyu kuma suka ɗauki daliget. Bugu da ƙari, yadda aka rubuta sashe na 84 ya fitar da daliget na dindindin, wato shugaban ƙasa da gwamnoni da 'yan majalisa da sauransu, gyaran da majalisa ta yi cikin gaggawa kuma bai samu sa hannu ba kafin tarukan. Sakamakon haka, waɗanda suka zaɓi ɗan takarar PDP ranar 28 ga Mayu ba su kai mutum 800 ba, Atiku Abubakar ya samu ƙuri'a 371, Nyesom Wike 237. A APC, jam'iyyar da ke iƙirarin mambobi sama da miliyan 40, mutum uku-uku aka ɗauko daga kowace ƙaramar hukuma, Bola Tinubu ya samu 1,271, Rotimi Amaechi 316, Yemi Osinbajo 235. Labarin dalolin da aka ce an raba wa daliget a otal-otal na Abuja ya cika gari, ba a kuma ji an gurfanar da kowa ba. Matashin da ya kashe kuɗin datarsa da na motarsa wata uku yana tallata gwaninsa, a bakin ƙofa ya tsaya yana kallo a wayarsa.

Wannan ma tsohon ciwo ne. A zaɓen 1951, wanda aka yi mataki-mataki, 'yan NEPU sun yi rawar gani a matakan farko a Kano, amma da aka zo matakin ƙarshe, inda aka bai wa En'e damar cusa nata wakilan, ko mutum ɗaya ba su kai Majalisar Dokokin Arewa ba. Duk lokacin da aka rage yawan masu yanke hukunci, farashin kowannensu yakan tashi, na talakan da ke waje kuma ya faɗi. Ba kuma a ce 'yar tinƙe ita kaɗai magani ce ba. A 2018 APC ta sanar cewa mutum miliyan 14.8 ne suka zaɓi Buhari a zaɓen 'yar tinƙe da ba shi da abokin karawa, adadin da babu wata rijista ta mambobi da jama'a za su iya auna shi da ita.

A nan ne maganar ta shafi ma'aikacin gwamnatin tarayya da hadimin mai riƙe da muƙami kai tsaye, domin su ne suka fi kowa kusa da wuta. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a irin wannan kaka akan buɗe zaure a WhatsApp da sunan "abokan" wane ko "masoyan" wane, a jefa ma'aikata ciki ba tare da an tambaye su ba, a liƙa lambar asusu, a riƙa wallafa sunayen waɗanda suka biya. Idan mai neman gudummawar shi ne wanda ke sa hannu a takardar ƙarin girmanka, ko shi ke zaɓen wanda za a tura kwas ko aikin da ke da alawus, to wannan ba gudummawa ba ce, haraji ne. Ƙaramin ma'aikacin da ke tasowa daga Mararaba ko Suleja tun asuba, wanda kuɗin mota kaɗai ke cinye kaso mai tsoka na albashinsa, ba zai iya cewa a'a ba, kuma mai tambayar ya san haka.

Matsayin doka a kan siyasar ma'aikaci ma a rikice yake. A shari'ar INEC da Alhaji Balarabe Musa, wadda aka bayyana dalilan hukuncinta a 2003, Kotun Ƙoli ta soke ƙa'idar da ta hana ma'aikacin gwamnati zama ɗan jam'iyya, ta dogara da 'yancin shiga ƙungiya da ke sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulki. Amma Dokokin Aikin Gwamnati har yanzu sun hana ma'aikaci riƙe muƙami a ƙungiyar siyasa, ko bayyana goyon baya ga ɗan takara a bainar jama'a, ko yi masa yawon neman ƙuri'a. A watan Mayun 2022 Shugabar Ma'aikata ta Tarayya ta wancan lokaci, Dakta Folasade Yemi-Esan, ta fitar da takarda tana tunatar da cewa waɗannan ƙa'idoji suna nan daram, lauyoyi da 'yan ƙwadago kuma suka ƙalubalanci wannan fassara. Kafin kotu ta sake raba gardama, wanda zai kwana a ciki shi ne ma'aikacin da aka ga sunansa a jerin masu gudummawa ko hotonsa da hular ɗan takara. Babban da ya tura shi ba zai karɓi takardar tuhuma a madadinsa ba, musamman idan gwanin nasu ya faɗi, wani ya hau.

Amurka ta warware wannan tun 1939 da dokar Hatch, kuma rabon da ta yi a gyare-gyarenta na baya yana da ma'ana. Yawancin ma'aikatan tarayya a can suna da damar ba da gudummawa daga aljihunsu da halartar taron siyasa a lokacinsu na kansu, amma haramun ne su nemi gudummawa daga wani ko su karɓa, haramun ne kuma su yi siyasa a bakin aiki, a cikin ofis ko da motar gwamnati. Irin wannan layi ne ya kamata Ofishin Shugabar Ma'aikata ya shata a fili, maimakon takardar da ta tsorata ƙanana ta bar manya suna cin karensu babu babbaka. A hukunta mai zagayawa da ƙoƙon bara a ofis, a bar wa ma'aikaci sirrin abin da ya yi da albashinsa.

Hadimai kuwa nasu ya fi tsanani, tunda ba su da kariyar da ma'aikacin dindindin ke da ita, kujerarsu kuma tana rataye ne da ta maigida. Sashe na 84(12) na Dokar Zaɓe ta 2022 ya hana masu riƙe da muƙaman siyasa zama daliget ko tsayawa a zaɓe su a taron jam'iyya, abin da ya jawo shari'a daga Umuahia har Kotun Ƙoli, ya kuma sa shugaban ƙasa ya umarci ministocin da ke da buri su ajiye aiki zuwa ranar 16 ga Mayu, 2022. Wasu sun ajiye, wasu suka janye burin suka riƙe kujera. Amma dokar ba ta ce komai a kan hadimin da aka ba shi kuɗi a jaka, aka ce ya nemo wasu matasa su yi rijistar ƙungiya su je su sayi fom da sunansu ba. Sunan hadimin ne a takardar banki, lambarsa ta BVN ce a kan asusun. Ranar da hukumar EFCC ta tashi bin sawun kuɗin, ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa.

Giɓin da ke cikin dokar a bayyane yake. Sashe na 88 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ce kada kuɗin da ɗan takarar shugaban ƙasa zai kashe ya wuce naira biliyan 5, kada kuma mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya ta ba ɗan takara sama da naira miliyan 50. Sai dai a fassarar dokar, "ɗan takara" shi ne wanda jam'iyya ta riga ta tsayar, mai neman tikiti kuwa sunansa daban. Da wannan ƙofa ake bi a ce duk abin da aka kashe kafin taron jam'iyya ba ruwan INEC da shi, alhali a wannan mataki ne ake kashe kuɗin da ya fi ƙazanta, a nan ne kuma ake cin bashin da za a biya da kwangila da muƙami bayan rantsuwa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin nan a ma'aikatu ake yin sa, a kan teburin daraktan da za a kawo wa fayil a ce daga sama ne.

Gyaran bai fi ƙarfin Majalisar Tarayya ba. A faɗaɗa sashe na 88 ya haɗa da masu neman tikiti tun daga ranar da jam'iyya ta fara sayar da fom. A wajabta wa duk ƙungiyar da ta tara kuɗi da sunan wani ɗan siyasa ta buɗe asusu guda da INEC ta sani, ta kuma miƙa sunayen duk wanda ya ba da sama da wani adadi, a bar ƙananan masu bayarwa a jimlace domin kare su daga bi-ta-da-ƙulli. A hana jam'iyya karɓar kuɗin fom daga hannun kowa sai da rubutacciyar amincewar wanda aka saya wa, domin kada a sake ganin abin da ya faru da Jonathan da Adesina, inda miliyoyi suka shiga asusun jam'iyya da sunan mutanen da suka ce ba su aika ba. A kuma yanka wa kuɗin fom ɗin kansa iyaka, tunda jam'iyyu sun nuna ba za su yi wa kansu linzami ba.

Kafin a kai ga wannan, akwai abin da 'yan takarar da suka samu tikiti za su iya yi ba tare da jiran doka ba. A 2022 kowannensu ya riƙa tinƙaho da magoya baya na sa-kai, daga masu jar hula a Kano zuwa matasan da suka bi Peter Obi zuwa jam'iyyar Labour suna cika cibiyoyin rijistar katin zaɓe, zuwa ɗaruruwan ƙungiyoyin da ke bayan Tinubu da Atiku. A cikinsu akwai mutanen da da gaske suke ba da lokacinsu da kuɗinsu, kuma su ne suka fi cancanta su san inda kuɗin ke tafiya da kuma su wa suke tarayya da su a asusun. An buɗe yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa ranar 28 ga Satumba, 2022. Kafin wannan rana an samu isasshen lokaci ga duk ɗan takarar da aka ce jama'a ne suka saya masa fom ya wallafa bayanin asusun da aka tara kuɗin, da ranakun da suka shiga, da yawan mutanen da suka tura.